Jan Tabo a Kan Gidan Inna Laraba

Rahama ta buɗe taswirar Magarya a kan kwamfuta, sai ta ga launin ja ya taru wuri ɗaya kamar jini a farin ƙyalle.

Amai da gudawa sun shiga garin tun faɗuwar damina, kuma ciwo ne da mutane ke ɓoyewa, sai ya ci ƙarfin mutum ake kiran ma'aikacin lafiya a asirce. Aikin Rahama a ofishinsu na Wurno shi ne ta gano inda cutar ke ɓulɓulowa. Ƙa'idar ba ta da wuya. Atiku, ma'aikacin da ke zagaya garin, zai tsaya a ƙofar gidan mara lafiya ya shigar da bayaninsa a waya, ba tare da suna ba, wayar kuma da kanta ta ɗauki wurin da yake tsaye ta aiko. Ita Rahama sai ta ɗora ɗigon a kan hoton garin da ke intanet, inda ɗigo suka yi yawa ta sa ja, inda suka yi kaɗan ta sa rawaya.

Babu rawaya ko kaɗan.

Ta matso da hoton. Ga rufin kwano, ga rumbuna, ga darbejiya a ƙofar gida, ga wani baƙin da'ira a tsakar gida. Ba ta bukatar wani ya gaya mata rijiya ce, domin a bakinta ta koyi jan guga. Gidan mahaifiyarta ne, Inna Laraba mai fura, wadda rabin unguwa ke ɗiban ruwa wurinta.

Ta rufe shafin ta sake buɗewa. Ta canza ma'aunin launi. Jan bai gusa ba. Ta sani sarai da yatsa ɗaya za ta iya janye ɗigon nan ta watsa su cikin gari, kuma babu mai ganewa. Ta kuma sani jiya aka binne wata mai jego. Hannunta na kan kwamfutar sai shugabansu, Malam Shittu, ya tsaya a bayanta.

"Rahama, kin samo muna wurin?"

"Na samo, ranka shi daɗe."

"Gidan wa na?"

"Gidanmu na."

Washegari da hantsi aka zo da murfin ƙarfe da kwaɗo don kulle rijiyar. Mata suka cika ƙofar gida. Inna Laraba ta tsaya a bakin rijiyar, muciya a hannu.

"Mi rijiyata tay yi maku? Ruwanga nika sha, shi ɗiyana ka sha. Ku duba, wa ak kwance gidanga?"

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Malam Shittu. "Ba mu munka ce ba, taswira ta nuna."

"Wa yay yi taswirar?"

Rahama na tsaye a bayan Malam Shittu. Inna ba ta taɓa kiran sunan Rahama ba, kasancewarta 'yar fari. Ranar ma ba ta kira ba. Ta dube ta sau ɗaya, ta shige ɗaki.

Daga ranar fura ta daina fita. Wadda aka kai kasuwa ta dawo a ƙwaryarta har ta yi tsami. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu taka zauren, dangin mai jegon nan kuwa suka daina amsa gaisuwar Inna. Rahama ta haɗiye duk wannan, tana cewa a ranta in dai ciwon zai tsaya, ta yarda.

Ciwon bai tsaya ba. An yi jana'iza, an sake yi. Kowace safiya ta buɗe taswira sai ta tarar da sababbin ɗigo, duk a kan gidan da rijiyarsa ke kulle. Malam Shittu ya fara maganar a kwashe mutanen gidan a killace su.

Ranar da ta ji haka Rahama ta ɗauki wayarta ta hau mota zuwa Magarya. Ta isa bayan la'asar. Inna ta amsa sallama ta juya mata baya tana tsintar wake. Rahama ta zauna a kan turmi, ta buɗe taswirar, tana duban magudanar ruwa, da randa, da bayan gida, ko za ta ga abin da ya kuɓuce mata.

Ƙanwarta Mashkura ta leƙo daga ɗaki, kwalli a ido, mayafai biyu a hannu.

"Yaya, wanga ko wancan? Tun ɗazu aka sallama da ni."

"Mutane na mutuwa kina zancen mayahi! Tahi ki ba ni wuri."

"Ba ni hita yanzu. Bari shi jira, kullum haka nika yi mai."

Wayar ta yi motsi a hannun Rahama. Sabon ɗigo ja ya faɗo a kan gidan, a gaban idonta. Ta ɗaga kai. Inna na tsintar wake, kaji na kiwo, babu mai ko tari. Kafin ta sauke numfashi wani ya faɗo. Sai wani.

Ta miƙe. Ta kunna alamar da ke nuna inda ita kanta take, ta bi ta a hankali. Ta wuce rijiya, jan na gaba. Ta wuce rumbuna. Ta ratsa zaure, har alamarta ta hau kan jan tabon daidai.

A kan tabarmar zance, cikin kaftani mai sitaci, Atiku ne zaune da waya a hannu, yana shigar da marasa lafiyar da ya gani tun safe a unguwannin gabas ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba kowace yamma kafin Mashkura ta ga damar fitowa.