Kukan Inna a Gaban Tele

Ina da shekara goma sha ɗaya ranar da na ga Inna tana kuka a gaban tele. Da la'asar ne, a gidan maƙwabciyarmu a Dakoro, mata sun cika tabarma. A fim ɗin, wata uwa ta durƙusa tana roƙon ɗiyarta gafara bayan ta daɗe tana wulaƙanta ta.

Inna na ta share hawaye da bakin zane. Ni kuwa kuncina bai daina zafi ba. Da safe ta mare ni a kan ƙwaryar nono da ƙanwata ta fasa, alhali ta san wadda ta fasa.

Na matsa kusa da ita, na ce a hankali, "Inna, ke ma ki ba ni haƙuri."

Ta dube ni da jajayen idanu. "Waccan ɗiyar kirki ce," in ji ta. "Gusa, kin tare mini."

Mata suka kwashe da dariya.

Yanzu ta tsufa, ni ke jinyarta. Jiya ta ce wa baƙi ba mu taɓa ɓatawa ba. Na tashi na fita, don kada in ba ta amsa a gabansu.