Buhun Fulawar Gara

Basira, kin ce an ɗora miki koya wa abokan aikinki sabon tsarin nan na yin aiki kaɗan-kaɗan, ana dubawa ana gyarawa, har kin cika takardu da bayani. Sunan da kuke kiransa ya ƙi zama a bakina, amma ga wani misali ki riƙe.

Matan wata unguwa ne suka haɗa ƙungiya, suka karɓi aikin dubulan na garar wata amarya. Buhun fulawa ɗaya iyayen amarya suka iya saye, in ya lalace babu na biyu, sai dai a sha kunya a gaban dangin ango. Suka kira wata gwanar soye-soye ta koya musu yadda za su tsara aikin. Ta zaunar da su a tabarma tun da safe, ta ja layi uku a ƙasa da tsinke: nan abin da ke jira, nan abin da ke hannu, nan abin da aka gama. Ta ce a yi kaɗan a nuna wa mai abu, kada mace ta riƙe aiki biyu, kuma lokaci-lokaci a tsaya kowace ta faɗi inda ta maƙale. Mata suna ta gyaɗa kai, Allah kaɗai ya san abin da kowace ta ɗauka. Wata ta tambaya ko mai suya ma za ta tsaya magana mai yana ƙonewa. Wata ta ce in kaɗan-kaɗan ne, ai sai amarya ta haihu ba a gama ba. Wata kuma tana son sanin dubulan da aka soya amma ba a tsoma a sukari ba, a wane layi yake. Gwanar ta buɗe baki za ta amsa, sai ta koma farko, ita ma ta rikice. Kafin ta kamo bakin zaren, kaza ta bi ta kan layukan ta share biyu. Babbar cikinsu ta miƙe tana kwance bakin buhu, ta ce, "Malama, a kawo babban baho mu kwaɓa duka, mu huta da wannan karatu."

Nan gwanar ta dafe buhun, ta bar bayani. Ta raba su uku-uku, ta auna wa kowane rukuni gwangwani ɗaya, ta ce su kwaɓa, su murza, su soya, su kai wa gwaggon amarya da ke maƙwabta. Na farko ya dawo a faranti da saƙo: ya yi tauri, dangin ango tsofaffi sun fi yawa, a tausaya wa haƙoransu. Aka ƙara mai da ƙwai a kwaɓin. Na biyu ya yi taushi, amma sukari bai kama jikinsa ba, aka mayar da ruwan sukarin kan wuta. Ana cikin haka naɗaɗɗun dubulan suka taru a gaban kasko ɗaya suna bushewa, sai wata mai murzawa ta ajiye nata, ba wanda ya sa ta, ta hura murhu na biyu. Na uku da aka kai, faranti ya dawo wayam, gwaggo ta biyo shi da mayafi a hannu tana tambayar ko akwai saura. Sai a sannan aka taɓa buhu sosai. Da suka idar da la'asar, babbar nan ta ɗauki mai taurin da aka ajiye gefe, ta dubi buhun, ta ce Allah ya rufa asiri. Sannan ta juya, "Malama, bayaninki na safe fa har yanzu ban gane shi ba." Tana faɗa tana miƙa wa ta kusa da ita guda ɗaya da aka soya daga sabon kwaɓi ta ɗanɗana, kafin a zuba sauran a mai.

To, Basira, rage takardun nan, ki sa musu abu a hannu, Allah ya dafa miki. Ba banza Hausawa suka ce ba: gani ya kori ji.