Hunturun da Aka Kori Malam Tambaya

Ranar Juma'a, 13 ga Disamba, 2024, bayan an idar da salla, aka fara zaluntar Malam Tambaya. A ranar ce Alhaji Isah, shugaban kwamitin makabartar unguwa, ya karɓi lasifikar masallaci ya ce itacen rufe kabari yana raguwa fiye da yawan mamata, kuma mutum ɗaya ne yake kwana a makabarta. Bai kama suna ba, amma kowa ya waiwaya.

Tun yana saurayi Tambaya yake haƙa kabari a Tambuwal. Itacen da jama'a suka kawo sadaka, shi yake yanka shi daidai faɗin rami, ya sassaƙe bakinsa biyu don ya zauna, ya jera a rumfar da ke jikin katangar baya. Yanzu ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Itace da gawayi sun yi tsada, gas kuwa sai mai hali. Kowane magidanci yana neman dabarar rage kashe kuɗi, kuma a teburin Haliru mai shayi babu wanda ake saurara kamar Sama'ilu dillalin hatsi.

"Ku jiƙa wake kahin a ɗora, rabin wuta shika ci," in ji shi. "Ku aje baƙar jarka ga rana, ruwan wanka shi ɗumama kyauta. Tuwo sau ɗaya, da sahe ɗumame. Kak ku bar tukunya ba murhi. Ni rabona da sayen icce tun kaka, kara nika ɗaukowa gonata."

Haliru ya ce, "Kai Sama'ilu, da da hali, hayaƙin ma sai ka maishe shi tukunya!"

Aka yi dariya. Mutane sun gwada, kuma dabarun gaskiya ne, an sami sauƙi. Sai dai babu gidan da ya daina sayen itace, kowa ya ɗora laifin a kan sakacin iyalinsa. Sama'ilu kuwa kullum da sassafe jakinsa yana shigowa da manyan dammunan kara daga gonarsa ta bayan gari.

Hujjar da aka kafa wa Tambaya guda ce: 'yar wutar da yake ji a ƙofar makabarta. Ya ce ɓawo ne da guntayen da suka rage wajen sassaƙa. Babu wanda ya duƙa ya duba tokar.

Sai ɗan Siddiƙ bakanike ya rasu, yaron da ko yaye ba a yi ba. Aka je rumfa, babu ko sanda. Da fasasshen tulu da kara aka rufe ramin, uban yana tsaye yana kallo. Kafin a watse Siddiƙ ya ci kwalar Tambaya, har hularsa ta faɗi cikin laka.

Tambaya ya ce, "Ni da nika shiga ramin nan da ƙahwata, ni za ni ci iccen mamaci?"

Wasu suka ce a kira 'yan sanda. Sama'ilu ne ya shiga tsakani.

"Ku yi mai hanƙuri, jama'a. Tsuhwa ta da talauci. A sallame shi dai, a ruhwa mai asiri."

Aka yaba wa tausayinsa. Wannan tausayin ne ya zama hukunci, domin ba a rufa asirin wanda bai yi laifi ba. Ba a yi bincike ba, ba a nemi shaida ba, ba a ba shi rantsuwa ba. Tambaya ya naɗe tabarmarsa ya koma Kebbe wajen 'yarsa Hamdiya. Labari ya riga shi isa. A can ya daina fita masallaci, jikokinsa kuma ana kiransu jinin ɓarawon matattu.

Kwamiti ya daina tara itace, sai an yi rasuwa a saya. Da ba a ƙara jin sata ba, aka ce ai ga gaskiya ta fito.

Gab da ƙarshen sanyi wata tsohuwa, Inna Ummu, ta rasu da la'asar sakaliya. Masu itace sun tashi, rana tana neman faɗuwa, aka shiga cigiya gida gida. Wata maƙwabciyarta, Hafiza, ta ji. Mijinta ya tafi kasuwa da mabuɗin ɗakin ajiya, don shi yake faskara mata itacen girki kullum. Ta sa aka ɓalle kwaɗon, aka cika kura, ta ce sadaka ce. Mace ce, ba ta taɓa tsayawa a bakin kabari ba, ba ta san kamannin abin da ta aika ba.

Masu haƙa sun ɗauko gatari don a rage tsawo. Ba a yi amfani da shi ba. Itace na farko ya zauna daram a bakin rami, na biyu ma haka, har na ƙarshe, kowanne da sassaƙa a bakinsa biyu. Alhaji Isah ya zauna a ƙasa.

Har yau kwamiti yana cewa a bar maganar, ta wuce. Ba ta wuce ba. Ba a yarda da ɗan aike da goro ba, ba a yarda da sulhun zaure ba. A tura mota Kebbe a ɗauko Malam Tambaya, a zaunar da shi a sahun gaba, a nemi gafararsa da lasifikar da aka ɓata shi da ita. Kuma wanda zai fara karɓar lasifikar shi ne mijin Hafiza, Sama'ilu, mai gonar da ke jingine da katangar makabarta.