Da Sauƙi

Tun da aka ɗora na'ura a ƙofar babban asibitin garinmu, ba a ƙara ganin layi ba. Masu tsara ta sun koya mata ladabi irin namu, sai ta gaishe ka kafin ta yanke ko za ka shiga.

Ranar Talata Asabe ta ɗauko mahaifinta, Malam Tanimu, wanda ciwon ciki ya hana miƙewa. Tun a hanya take yi masa bita.

"Baba, don Allah in ta ce ya jiki, ka ce babu sauƙi."

"Ni in yi wa Ubangiji butulci a gaban ƙarfe?"

"Jiya ma fa haka ta maido mu gida."

Na'urar ta yi sallama da murya mai daɗi, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali. Sannan ta ce, "Baba, ya jiki?"

Malam Tanimu ya dafe ciki, gumi na keto masa. Asabe ta ja hannun rigarsa. Ya dubi sama.

"To... da sauƙi, alhamdulillahi."

"Madalla! Allah ya ƙara sauƙi. A gaida gida."

Ƙofa ko motsi. Ta cikin gilashi Asabe na hango gadaje wayam, likitoci na hamma, ga lambar yabo a bango: garin da ya fi ko'ina lafiya.

Malam Tanimu ya yi nishi, ya dubi na'urar, ya ce, "Amma fa yarinyar nan ta samu tarbiyya."