Kashin Shamuwa

Tun da teku ta cinye Kudu ta zo ta tsaya a bayan Bida, a bakin ruwan nan shamuwa ke fara sauka kafin ta shiga garuruwa da albishirin damina. Sai dai yanzu ba kowace shamuwa ce ta Allah ba. Kamfanin sayar da iri yakan saki nasa na ƙarfe, manoma su yi gaggawar shuka, rana ta ƙone ta, su koma sayen wani irin.

Tabawa ta tsuguna a kan yashi, zuciyarta na kan ɗan irin geron da ya rage musu a gida. Ta daɗe da gano yadda ake rarrabe tsuntsayen. Shamuwar gaske takan yi kashi a ƙafafunta, ta kamfani kuwa ƙafarta tas take.

"Ga su can, Tabawa!" in ji mijinta Jatau. "Dubi ƙafafun, fari fat da kashi. Gobe sai shuka."

Ta ƙura musu ido. Gaskiyarsa, duk sun yi fari. Amma farin kowacce ya tsaya daidai gwiwa, babu wadda nata ya zarce, sai ka ce tela ne ya auna.

Ta juyo za ta yi magana, idonta ya sauka kan sabon takalmin da ke ƙafarsa. Ba ta san lokacin da ya saye shi ba.

"Malam," ta ce a hankali, "duk duniya kai kaɗai na gaya wa zancen kashin nan."

Jatau bai ɗauke ido daga tekun ba.

"Iska ta fara sanyi," ya ce. "Tashi mu je gida."