Inuwar Mai Wanki

Ranar da aka sallamo mahaifinsa daga asibiti, mai wanki ya san ya yi aika-aika. Sati biyu ke nan da ya sare bishiyar tsakar gida, don tsuntsaye na ɓata masa shanya, inuwarta kuma na hana kayan mutane bushewa. Yanzu gidan fetal yake, sai rana.

Tsohon makaho ne, kuma shi ya dasa ta. Da azahar ya lallaba ya zauna inda ya saba, a gindinta.

"Sai ka je ka faɗa masa," in ji matar mai wankin. "Lokacin gatari ai ba ka ji kunya ba."

Ya kasa. Ɓarna ta fi sauƙin yi a kan faɗa. Sai ya ciro zanin gado daga igiya, ya tsaya bayan tsohon, ya ware masa a sama. Kwana uku yana haka, kafaɗunsa na rawa, wanki na taruwa.

A na huɗu tsohon ya yi gyaran murya.

"Sauke hannunka ka huta, ɗan nan. Shekara arba'in ina zama a nan, ban taɓa jin inuwa tana ƙamshin sabulu ba."