Injin da Ko Tari Ba Ya Yi

A tsakiyar tafkin Chapala na ƙasar Meziko, Nicanor na kwashe karfasa daga ragar surukinsa, Don Eusebio, yana yi wa abokinsa Chuy ba'ar tsohon.

"Wai ya sayar da injin fetur na kwalekwalensa, ya ɗauro na lantarki mai batirin litiyam! Abin da ko tari ba ya yi, sai ka ce fankar ɗaki. Kai, tsufa bai yi ba!"

Chuy bai yi dariya ba. Dama rurin tsohon injin ne kullum ke ba su damar tserewa.

Wani kwalekwale ya gogi nasu. Don Eusebio ne, matar Nicanor zaune gefensa.

"Hermelinda, 'yata," in ji tsohon, ya tofar da yawu. "Kin ce sharri nake masa. To ga ɓeran da kika aura."